Daga Fetur Zuwa Gas da Lantarki: Ina Rabon Challawa?

Laccar da aka gabatar a gaban masu masana'antu da direbobi da makanikai a rukunin masana'antu na Challawa, Kano

 

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu masu masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai, shugabannin direbobin manyan motoci da na 'yan adaidaita sahu, iyayen gidanmu makanikai da masu rewaya, malamai da ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da warhaka.  

An ce in yi magana a kan yadda ababen hawa marasa shan fetur da dizal suke ƙaruwa, wato masu aiki da iskar gas da masu aiki da lantarki. Abin da na zo da shi guda ɗaya ne, sauran duk hujjoji ne: wannan sauyi ya riga ya taso, zai kuma iso Kano ko mun shirya ko ba mu shirya ba, kuma nan Challawa ne wurin da ya fi dacewa ya sauka. Saura mu zaɓa, mu zama masu saye kawai, ko mu zama masu aikin. Zan bi maganar gaɓa biyar.

Gaɓa ta farko: me ya taso da maganar?

A Turai hayaƙi da ɗumamar yanayi ne suka taso da ita. A nan aljihu ne. Duk wanda ke zauren nan ya tuna ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ku masu masana'antu kun riga kowa ɗanɗana wannan, domin dizal ya yi tashin gwauron zabo tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, kuma dizal ɗin nan shi ne ke juya janaretocinku, shi ne ke ɗauko muku kaya daga tashar jiragen ruwa ta Legas, tafiyar kilomita dubu da wani abu.

Talaka bai jira gwamnati ba. A shekarar nan ta 2023 muka ga masu shaguna suna cire kafiretar ƙaramin janareta suna sa wadda ke aiki da gas ɗin girki. Gwamnati ta biyo baya a watan Agustan 2023 da shirin shugaban ƙasa na motoci masu gas na CNG, ta ce tana son a juya motoci miliyan 1 kafin 2027, ta ɗauke haraji a kan kayan juyin, aka sa farashin gas ɗin naira 230 a ma'aunin da ya yi daidai da kusan lita ɗaya ta fetur. A 2025 kuma ɗan garin nan, Alhaji Aliko Ɗangote, ya sanar da sayen manyan motoci 4,000 masu aiki da gas don rarraba man matatarsa. Ku duba da kyau: mai matatar da ke tace dizal ya zaɓi motocinsa su sha gas. Ɗan kasuwa irin wannan ba ya zuba dukiya haka sai ya buga lissafi.

A duniya kuwa, motoci masu lantarki sama da miliyan 17 aka sayar a 2024, fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. A ƙasar Sin, wadda 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari suka sani kamar gidajensu, kusan rabin sababbin motocin shekarar na lantarki ne. Motar da Sin da Turai ke hawa yau, ita ce za ta zo mana a matsayin ta hannu nan da shekara goma.

Gaɓa ta biyu: gas ba iri ɗaya ba ne

Ina roƙon makanikai su ba ni kunnuwansu a nan, domin wannan gaɓa ta rai ce.

Akwai gas ɗin girki, wanda ke cikin tukunyar da ke gidajenmu. Ruwa-ruwa yake a ciki, ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya. Akwai CNG, wanda ake haƙowa daga ƙasa a matse shi da inji ya shiga tukunya a matsayin iska. Shi ya fi iska sauƙi, idan ya samu kafa sama yake yi. Sai na uku, LNG, shi ma gas ɗin ƙasar ne amma an sanyaya shi har digiri 162 ƙasa da sifili ya koma ruwa, don a iya ɗaukar mai yawa a tafiya mai nisa.

Matsin da ke cikin tukunyar CNG ya kai bar 200 a ma'aunin matsi. Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan wani abu take ɗauka, kun ga kusan ninki ɗari ke nan. Tukunyar girki kuwa ko kashi ɗaya cikin goma na wannan matsi ba ta saba ɗauka ba. Shi ya sa tukunyar CNG ta gaskiya ba ta da walda ko kaɗan. Daga dunƙulen ƙarfe guda ake fitar da ita, a buga mata lamba da ranar ƙira da ranar da za ta daina aiki, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an sake gwada ta. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin ana tsakiyar ɗura mata, mutane suka jikkata, hukuma ta ce tukunyar haɗin walda ce. Mu nan Kano Allah ya hore mana masu walda da maƙeran da ba abin da za ka nuna musu su kasa kwaikwaya, kuma ina alfahari da su. Amma wannan tukunya ba ta cikin abin da ake kwaikwaya. Ranar da ɗaya ta fashe a adaidaita cike da mata da yara a Ƙofar Wambai, ranar maganar gas ta mutu a garin nan, kuma sai an yi shekaru kafin wani ya sake yarda. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In an yi aikin bisa ƙa'ida fa? To gas ya fi fetur aminci ta wasu fuskoki, domin ba ya malala a ƙasa ya kama da wuta, kuma ba ya yi wa baƙin mai datti da wuri. Motar fetur ba a raba ta da tankinta. Maɓalli ne, gas ya ƙare ka koma fetur. Abin da za ka rasa shi ne wani ɓangare na but ɗin mota, da ɗan ƙarfi kaɗan wajen hawan tudu. Motar dizal ce mai wuyar sha'ani, saboda injinta ba ya amfani da fulogi. Ko dai a haɗa mata gas da dizal su riƙa tafiya tare, ko a sayi wadda aka ƙera don gas tun daga kamfani.

Gaɓa ta uku: ina gas ɗin yake?

Nan ne zan daɗe, domin nan gizo ke saƙar.

Najeriya tana da gas a ƙarƙashin ƙasa fiye da ƙafa tiriliyan 200, ta fi kowace ƙasa a Afirka, har yau ana ƙona wani a banza a yankin Neja Delta. Amma gas ɗin yana kudu, mu muna arewa. Birnin Benin ya yi shekara fiye da goma motocin haya suna shan CNG, saboda bututu ya ratsa ta wurinsu. Mu kuwa abin da ke zuwa mana a bayan mota yake zuwa, kamar yadda kamfanin Greenville ke ɗauko LNG daga Rumuji ta Jihar Ribas ya kawo arewa. Duk gas ɗin da ya hau tirela ya yi kwanaki a hanya, kuɗin hanyar nan a kanmu zai ƙare. Don haka kada wani ya zo ya ce muku farashin Legas ko na Abuja shi ne farashin Kano.

Maganin wannan shi ne bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda ake kira AKK. Tsawonsa kilomita 614, faɗinsa inci 40, kuɗinsa dala biliyan 2.8. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da aikin ranar 30 ga Yunin 2020. An sha sa ranar gamawa ana ɗagawa, kuma wurin da ya fi ba da wahala shi ne ratsa ƙarƙashin Kogin Neja, wanda kamfanin NNPC ya sanar an yi nasararsa a tsakiyar 2025.

To, a ce gobe an buɗe famfo gas ya iso bakin Kano. Shi ke nan? Wa zai ja shi daga babbar tasha zuwa ƙofar kamfaninka? Wa zai kafa injin matsewa? Da wace wuta injin zai yi aiki? Kuma wane ɗan kasuwa ne zai zuba ɗaruruwan miliyoyi ya gina gidan gas alhali bai san mota nawa za su zo ba? Shi ma direba yana can yana cewa ba zai kashe kuɗin juyi ba sai ya ga gidan gas a hanyarsa. Kowa na jiran kowa.

Bari in kawo muku labarin ƙasashe biyu maƙwabtan juna. A watan Yulin 1998 Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarnin a mayar da motocin bas na birnin Delhi su koma gas, saboda hayaƙi ya addabi mutane. Motoci suka riga gidajen gas yawa. A 2001 masu keke mai ƙafa uku, irin adaidaitarmu sak, suna kwana a layi. Amma da yake akwai bututu a kusa, aka dage da gina tashoshi, zuwa ƙarshen 2002 bas mai dizal ya bar titunan birnin. Pakistan kuma ta bi ta wata hanyar. Ta sakar wa kowa mara, gas ya yi araha, motoci wajen miliyan 3 suka koma kansa, tashoshi suka haura 3,000. Sai gas ɗin ƙasar ya kasa ɗaukar gidaje da masana'antu da kamfanonin taki da motoci a lokaci guda. Aka koma rufe tashoshi kwanaki a mako, da sanyi ma a rufe gaba ɗaya a wasu lardunan, mutanen da suka ci bashi suka juya motocinsu suka koma layin fetur. Delhi ta sha wahalar shekara biyu ta fita, Pakistan ta ji daɗin shekara goma ta shiga. Abin da ya bambanta su shi ne wane ne ya tsaya ya lissafa gas ɗin kafin ya lissafa motocin.

Ga inda Challawa ta shigo. Wanda zai warware wancan jiran na kowa da kowa shi ne babban mai saye, wanda ke buƙatar gas dare da rana, rani da damina. A Kano ba wanda ya cika wannan siffa sai ku. Kamfanonin jima da ke tafasa ruwa, masaƙu, masu robobi, masu lemo, masu casar shinkafa, kowannenku yana da tukunyar tururi mai shan baƙin mai ko janareta mai shan dizal. Idan kamfanoni goma a layi ɗaya suka haɗa kai suka sa hannu cewa za su sayi kaza a wata, mai kawo gas ya samu abin da zai nuna wa banki. Da zarar gas ya sauka a unguwar don injinan kamfani, ƙara famfo biyu a bakin titi don motoci ƙaramin aiki ne.

Kuma motocin farko ma naku ne. Bas ɗin da ke kwaso ma'aikata daga Panshekara da Sheka da Ɗorayi, motocin da ke kai kaya Singa da Kwari da Dawanau, duk da safe suke fita daga nan, da yamma su dawo nan su kwana. Motar da ta san inda za ta kwana ba ta tsoron rashin gidan gas a hanya. Ita ya kamata a fara juyawa, kafin a je ga mai motar gida da zai tafi biki Gumel bai san inda zai ɗura ba. Ranku ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. Zaman da za a yi na haɗa buƙata da neman fili da jan ƙaramin bututu cikin Challawa da Sharaɗa da Bompai, yanzu ne lokacinsa.

Gaɓa ta huɗu: lantarki fa?

Na san abin da ke ranku: wutar da ba ta ishe mu kunna ƙwai ba, ita za ta ja mota? Tambayar tana kan hanya. Ba mu manta Oktoban 2024 ba, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, injina suka tsaya a unguwar nan. Ba mu manta Afrilun shekarar ba, da aka kai yunit ɗin wutar 'yan rukunin A naira 225. Habasha ta hana shigo da motocin fetur da dizal a 2024, amma ita tana da manyan madatsun ruwa da wuta mai araha. Wanda ya ce mu kwaikwaye ta gobe bai yi mana adalci ba.

Sai dai kada mu raina abin da ke hannunmu. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, da ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa ya kafa tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, matashi Mustapha Gajibo ya cire injinan ƙananan bas ya sa musu batir, suka ɗauki fasinja a cikin gari. Nan Challawa kuma, a ƙaramar hukumar Kumbotso, akwai tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Janairun 2023. Rana dai ba a bututu take zuwa ba, kuma rufin kamfanoninku fili ne da ke zaune a banza.

Ra'ayina shi ne, tirela da daf da manyan bas su nufi gas. Babur da adaidaita da ƙananan motocin rarraba kaya a cikin gari su ne rabon lantarki. Ɗan adaidaita ba zai ajiye keke awa huɗu yana jiran caji ba, amma zai tsaya minti biyar ya ajiye batir da ya ƙare ya ɗauki cikakke, in akwai rumfar musaya a hanyarsa. Abu biyu nake jan kunne a kai. Zafin Afrilu na Kano yana rage wa batir kwana, don haka a gwada kaya a nan kafin a cika kwantena da su. Sannan mataccen batir guba ne. Kogin Challawa ya riga ya sha abin da ya sha daga ruwan jima, mutanen da ke noma da kamun kifi a gefensa sun san haka a jikinsu. Kada mu ƙara musu da wani. Duk wanda zai sayar da batir, a ɗaure shi da sharaɗin karɓar tsohon.

Gaɓa ta biyar: aikin na wane ne, kuɗin kuma daga ina?

Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, adaidaita sahu ce ƙafar Kano. Kekunan nan na Bajaj da TVS daga Indiya suke, kuma a can kamfanonin suna fitar da su da tukunyar gas tun daga masana'anta. A 2024 Bajaj har babur mai gas ya fitar. Me zai hana dilolinmu su riƙa yin odar irin waɗannan, maimakon a kawo na fetur a zo nan a sake kashe kuɗin juyi?

Mu buga lissafi a misalce. A ce ɗan adaidaita yana shan lita 6 a yini, a naira 1,000, dubu 6 ke nan. A ce gas ya zo masa a naira 500, fiye da ninki biyu na farashin da gwamnati ta fara sawa. Ya tsira da dubu 3 kullum, a kwana 26 na aiki dubu 78. Wannan kuɗin makarantar yara ne, kuɗin buhun masara ne. Amma yaron nan ba shi da kuɗin juyi a dunƙule, kuma sau da yawa keken ma ba nasa ba ne, balas yake kaiwa. Mai keke yana cewa me zai sa in biya, ai direba ne zai ci ribar. Direba yana cewa me zai sa in gyara abin da ba nawa ba. Tsarin balas ɗin nan da kansa shi ne mafita: a sa kayan, a ƙara wani abu a kan balas na wata shida ko takwas, kowa ya ci. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya buɗe reshe a Kano tun 2012, suna da tsarin saye su sayar a biya sannu a hankali. Ƙungiyoyin direbobi su tsaya wa 'ya'yansu, su je a ƙungiyance.

Sai makanikai. Wallahi ku nake ji wa tsoro, ku kuma nake sa wa rai. Motar lantarki ba ta da kafireta, ba ta da fulogi, ba a yi mata juyen baƙin mai. Yaron da ka ɗauka yau yana ɗan shekara 14 zai kai 40 a duniyar da rabin abin da ka koya masa ba a nemansa. Amma mai rewayar da ya iya karanta na'urar gwaji, da makaniken da ke da takardar shaidar sa kayan gas, za a riƙa bin su har gida. Muna da Jami'ar Bayero, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, muna da jami'ar Wudil. A haɗa malamansu da iyayen gida na gareji, kamfanonin unguwar nan su ba da rumfa da kayan koyo. A riƙa koyarwa da Hausa, da hannu a kan ƙarfe.

Ku kuma iyayenmu, kun fi ni sanin rumbuna nawa ne a Challawa da Sharaɗa da Bompai aka garƙame tun da masaƙu suka durƙushe. Tukunyar gas ba za mu ƙera ta gobe ba, ƙwayar batir ma haka. Amma ƙarfen da ke riƙe tukunya, da akwatin batir, da wayoyi, da kujeru da rumfar keke da gangar jikinsa, da wurin gwada tukwane, da haɗa keken gaba ɗaya, wanne ne ya fi ƙarfin garin da ke sarrafa fata da roba da ƙarfe shekara da shekaru? Kasuwar kuma ba ta tsaya a Kano ba. Duk abin da ya karɓu a nan, sai ka gan shi a Katsina da Maraɗi da Damagaram.

Don haka roƙona uku ne. Masu masana'antu, ku zauna cikin watan nan ku rubuta yawan man da kowannenku ke ƙonawa, ku fita neman gas da murya ɗaya. Gwamnatin jiha, ta ware filin tashoshi a rukunonin nan uku, ta kuma hana kowa ɗura gas a tukunyar da ba ta da lamba da shaidar gwaji. Direbobi da makanikai, kada ku sa, kada ku bari a sa muku, tukunyar da ba ku san asalinta ba, komai arharta.

Mai girma shugaba, a nan zan dakata.  A cikinku akwai waɗanda suka riga suka juya motocinsu ko janaretocinsu, ina so su fara tashi su gaya mana abin da suka gani, daɗi da wuya. Bayan su, duk mai tambaya ko gyara, bismillah. Allah ya yi wa kasuwancinmu albarka, ya ba mu zaman lafiya a Kano da ƙasa baki ɗaya.